Na Zaune Bai Ga Gari Ba

Ina godiya ga malamanmu masu kula da wannan mujalla da suka ba ni fili in faɗi albarkacin bakina game da wani al'amari, wanda na san wasu za su ce wasa ne, wasu kuma su ce neman magana ne. Ra'ayina shi ne, ya kamata kowane ɗan makarantar sakandare a wannan yanki namu na arewacin Jihar Kano ya keɓe yini guda cikin hutunsa, ya rataya 'yar jakarsa, ya bi burtali da ƙafa tare da 'yan'uwansa, ya je ya ga bakin ruwa, ko dutse, ko tsohon gari da ke kusa da shi. Ina kuma roƙon iyayenmu su yarda da wannan tafiya, su sa mata albarka. Ga dalilaina nan, sai mai karatu ya auna da kansa.

A ƙasashen da ke bakin teku, musamman na Turai, akwai wata al'ada ta matasa wadda mukan gani a littattafai da hotuna. Saurayi sai ya zuba burodi da ruwan sha da taswira cikin jakar goyo, ya fita daga birni tun da sassafe, ya kama 'yar siririyar hanyar ƙafa da ke bin gaɓar teku. Ya hau tudu, ya gangara kwari, in ya gaji ya zauna bisa rairayi yana kallon igiyar ruwa, in yamma ta yi ya komo masaukinsa. Bai sayi kome ba, bai sayar da kome ba, amma ya komo da labarin da zai daɗe yana bayarwa. A kudu maso yammacin Ingila akwai irin wannan hanya mai tsawon mil 630, an kafa mata alamu tun daga farkonta har ƙarshenta don kada matafiyi ya ɓata. Kowa yakan yanki ɗan abin da zai iya cikin yini guda, ya bar saura sai wani jiƙon.

Abin da zai ba mu sha'awa mu 'yan makaranta shi ne, gidajen saukar matasa matafiya masu araha da ake samu a ƙasashe da yawa, malamin makaranta ne ya ƙirƙiro su. Sunansa Richard Schirrmann, mutumin Jamus. Yakan fita da yaransa yawon ƙafa cikin ƙauyuka, sai a 1909 ruwan sama mai ƙarfi ya tsare su, suka kwana a wata makarantar ƙauye. Daga nan ya yi tunanin a tanadi wuraren kwana saboda ɗalibai matafiya, aka kuwa kafa na farko mai ɗorewa a garin Altena a 1912. Watau tun asali an ɗauki wannan yawo a matsayin wani sashe na karatu.

Kada kuma wani ya ce ai wannan ɗabi'ar Turawa ce, ba ta gadonmu ba. In ana maganar tafiyar ƙasa, kakanninmu ba su da na biyu. Fatake sun yi ta kora jakuna daga Kano har Gwanja, cikin ƙasar Gana ta yanzu, suna kai kanwa da tufafi suna ɗauko goro, tafiyar watanni. Alhazan da sun taka da ƙafa ta Barno da Chadi da Sudan, wani sai ya shekara da shekaru kafin ya ga Makka. Almajirai sun tafi gabas neman karatu da allo a rataye, 'yan ci-rani kuma sun bi gari gari da zarar an kawar da amfanin gona. Su ne suka bar mana maganar nan cewa tafiya mabuɗin ilimi. Mu ne dai muka sake. Yau yaro lafiyayye, wanda zai yini yana buga ƙwallo, in aka aike shi ƙauyen da ake hangen rimayensa, sai ya tsaya bakin hanya jiran ɗan acaɓa.

Na san abin da wani zai fara cewa: to, mu ina muka ga teku? Gaskiya ne, tsakaninmu da Ikko akwai kusan kilomita 1,000. Hasali ma yawancin ruwan saman da ke sauka a Jihar Kano ba teku yake nufa ba. Yana gangarawa ne gabas, ya faɗa Kogin Haɗeja, wanda ke haɗuwa da na Jama'are su zama Kogin Yobe, shi kuma ya nufi Tafkin Chadi. Amma rashin teku bai hana mu bakin ruwa ba. Gwamnan Jihar Kano na farko, Audu Baƙo, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, ya sa himma wajen datse koguna. A zamaninsa aka gina Bagauda, aka kuma gama Tiga a 1974, daidai lokacin da fari ya gallabi ƙasar nan. Shirin da ya fara shi ya kawo mana madatsun ruwa a nan arewa: akwai Watari a ƙasar Bagwai, da Tomas wajen Dambatta, da Gari wajen Kunci, da kuma na Jakara a Wasai cikin ƙasar Minjibir. Da wuya a sami ɗalibi a wannan yanki wanda ɗaya daga cikinsu ya fi ƙarfin tafiyarsa ta yini, ko da zai fara rage hanya da mota. Amma a tambayi ajinmu, mutum nawa ne suka taɓa zuwa da niyyar gani da tambaya?

Wanda ya je zai ga abin da ba a zana masa a allo ba. Zai ga masunta suna jefa birgi daga cikin kwalekwale, wani kuma yana kwance bisa gora yana duba ƙugiyoyinsa. Zai ga masu lambu sun ja ruwa da inji zuwa fangalin albasa da tumatir da attaruhu, a tsakiyar rani, lokacin da gonakin tudu suka zama fari fat. Zai ga Fulani sun kawo shanu shan ruwa da hantsi, belbelu na bin su. Zai ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, da garken kirinjijiya, da waɗansu ƙananan tsuntsayen bakin ruwa waɗanda sanyin Turai ke korowa, su ƙetare hamada su yi hunturu a ƙasarmu. In ya tambayi dattawan wurin, za su nuna masa inda gonaki da gidaje suke kafin ruwa ya rufe su, su gaya masa wanda dam ya arzuta da wanda ya tayar. Wannan darasi ne na labarin ƙasa da na zaman jama'a a haɗe, kuma gani ya kori ji.

Dalilina na farko ke nan: karatunmu ya yi nisa da ƙasarmu. Ɗalibi zai lissafa maka Nilu da Kwango da Zambezi ba tare da ya numfasa ba, amma ka tambaye shi inda rafin bayan garinsu ya fito da inda ya nufa, sai ya yi zuru. Zai zana maka yadda ruwa ke zaizaye ƙasa, ya ci maki cikakke, alhali kuwa bai taɓa tsayawa bakin kwazazzabon da ke cin gonar kawunsa ya duba ta inda ya faro ba. Ilimin da aka haddace don jarrabawa, da an fito daga ɗakin jarrabawa yake fara zubewa. Wanda ido ya gani, ƙafa ta taka, shi ne ke zama.

Dalili na biyu, hanyar kanta makaranta ce, tun ma ba a kai bakin ruwa ba. Mu da aka haifa a nan ba mu ga abin mamaki a gonakinmu, domin ido ya saba. Amma masana daga nesa sun zo sun yi shekaru suna nazarin wannan ƙasa da ke kewaye da birnin Kano. Ɗaya daga cikinsu shi ne Michael Mortimore, wanda ya fara bincikensa a shekarun 1960, ya kuma koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero. Abin da ya ɗaure musu kai shi ne, yaya aka yi jama'a masu yawa haka suke noma gona ɗaya kowace shekara, ba hutu, ba saura, amma ƙasa ba ta mutu ba? Amsar tana nan shimfiɗe gefen kowane burtali. Ga tulin taki an jera cikin gona tun da rani. A da jakuna ne ke ɗauko shi cikin mangala daga birni, su koma da itace da kara, yanzu kuwa amalanke da mota sun karɓi yawancin aikin. Ga gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, in wani ya ƙi wani ya yi. Ga harawa an ɗora bisa reshe saboda tumaki da awaki, su kuma su mayar wa gona da taki. Ba abin da ake zubarwa.

A dubi gawo kaɗai. Duk itatuwa suna yin ganye da damina, shi kuwa a lokacin yake kaɗe nasa, don haka ba ya tare wa shuka rana. Ganyen da ya zubar taki ne, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi irin yadda ta wake ke yi, da rani kuma ya yi ganye ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. Shi ya sa dawar gindin gawo ta fi ta sauran gona. Kakanninmu ba su shiga ajin kimiyya ba, amma sun san wannan, suka hana a sare shi. Haka ɗorawa da kuka da tsamiya da kanya da ɗinya, kowace da amfaninta, kowace kuma da mai ita. Darbejiya da ta cika ko'ina yanzu baƙuwa ce, asalinta daga Indiya, zamanin Turawa aka kawo ta. Ɗalibin da ya yi tafiyar yini yana ƙirga itatuwa zai lura da wani abu mai tayar da hankali: ɗorawa da kuka da rimi yawancinsu tsofaffi ne, da ƙyar zai ga 'yan ƙanana masu tasowa. In waɗannan suka faɗi, ina za a samo kalwar daddawa da miyar kuka? Wanda ke bisa babur ba zai taɓa yin wannan tambaya ba, domin bai ga kome ba sai ƙura.

Dalili na uku shi ne tarihi. Muna karanta shi kamar a wata duniya aka yi shi, alhali a ƙarƙashin ƙafarmu yake. Ga Fanisau nan cikin ƙasar Ungogo, arewa da birni kaɗan. Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, ya mai da ita ribaɗi, watau sansanin tsaron birni daga arewa, kuma a can Baturen nan Clapperton ya same shi a 1824. Ga Bichi, wadda matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, da ya kira kansa Abdulkarim, ya ratsa ta kan hanyarsa daga Katsina zuwa Kano a 1851. Ya yaba kyan wannan ƙasa da yawan gonakinta da itatuwanta. Da ya isa birni ya hau Dala, ya zana garin daga can bisa, ya ƙiyasta mazaunansa sun kai 30,000. Mutum ya baro ƙasarsa, ya ƙetare hamada bisa raƙumi, ya sha zazzaɓi, don ya ga abin da mu muke wucewa ba mu ɗaga kai ba. Ashe ba abin kunya ba ne a ce sai mun buɗe littafin baƙo kafin mu san yadda garinmu yake?

Wanda garinsu ke kusa da birni, ko wanda ya sami kuɗin mota zuwa Dawanau, yana iya yin yininsa a can. Ya fara da kasuwar Dawanau, wadda tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, ya ga inda waken babansa da riɗinsa suke zuwa, da ƙasashen da ake loda su. Sa'an nan ya bi sawun ganuwa ta Ƙofar Dawanau da Ƙofar Ruwa da Ƙofar Mazugal. Littafin Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, wanda ya yi zamani daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ta, Muhammadu Rumfa kuma, 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta. Daga nan ya hau Dala, mazaunin Barbushe, ya hangi Goron Dutse da hasumiyoyin babban masallaci, ya juya arewa ya hangi hanyar garinsu. Duk wannan bai fi tafiyar yini ba.

Dalili na huɗu, wanda ya fi damuna, shi ne waɗannan abubuwa ba jiranmu suke yi ba. Iyayenmu sun ga dalar gyaɗa a Kano, mu sai a hoto, domin fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 da sakacin da kuɗin man fetur ya kawo sun tafi da ita. Ganuwa kuwa, a wurare da yawa an ɗebe ƙasarta an yi tubali, an yi gini a kanta, sai an nuna maka za ka san nan ta bi. Ko mutanen Ikko masu teku ba su tsira ba: shahararren bakin ruwansu da ake kira Bar Beach, inda jama'a ke taruwa shan iska, an cike shi da yashi an kafa sabuwar unguwa a wurin. Rafin Jakara, wanda ya taso daga tsakiyar birni kusa da Kasuwar Kurmi, yana kwasar ƙazantar gari, ya haɗu da ruwan masana'antun Bompai, ya gangaro da su har Wasai, kuma da wannan ruwa ake ban-ruwan wasu kayan lambun da ake kai wa kasuwa. Wanda bai taɓa tsayawa bakinsa ya ga launinsa ya ji warinsa ba, in ya zama ma'aikacin lafiya ko kansila gobe, da wace zuciya zai yi maganar gyara?

Haka kuma burtali. Kakanninmu sun bar shi da faɗi, suka dasa masa shinge hagu da dama, don shanu su wuce zuwa makiyaya da mashaya ba su taɓa shuka ba. Yau kowa na ɗan matsa garmarsa, bana kunya ɗaya, baɗi kunya biyu, har wani burtalin ya koma da ƙyar jaki zai wuce. In hanya ta toshe, dole saniya ta faɗa gona, daga nan sai faɗa tsakanin manomi da makiyayi, mutanen da suka gaji musayar nono da hatsi, da taki da kara. A Ingila ma an taɓa rufe wa talakawa hanyoyin ƙafa. A 1932 ɗaruruwan matasa, yawancinsu ma'aikata daga birnin Manchester, suka hau wani tudu mai suna Kinder Scout wanda masu ƙasa suka hana hawa, aka ɗaure biyar daga cikinsu. Wannan ya tayar da hankalin jama'a, har a 1949 aka yi dokar da ta sa a rubuta hanyoyin ƙafa a taswira a kiyaye su. Mu ba ma bukatar rigima da kowa. Abin da muke bukata shi ne mu san burtalanmu, mu bi su, mu zana su, domin hanyar da ake bi ba ta ɓacewa, wadda aka manta da ita kuwa garma ke cinye ta.

Yanzu sai in juyo ga iyayenmu, domin na san suna da ta cewa, kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Baba zai ce wannan yawon banza ne, yaron kirki ba ya gantali. Gaskiya ne akwai yawon banza, kuma mun san masu yin sa: su ne masu fita ba a san inda suka nufa ba, ba a san da wa suke ba, su dawo ba su da abin faɗi. Tafiyar da nake nufi an san ranarta, an san hanyarta, an san jagoranta, kuma kowane yaro zai dawo da rubutu a littafinsa wanda zai karanta wa mahaifinsa. Malamanmu na addini ma sun sha gaya mana cewa Alƙur'ani mai girma ya umurci mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su yi tunani a kan halitta da ƙarshen waɗanda suka gabata. In kuwa maganar ɓata lokaci ce, yaron da ya yini a gindin bishiya yana latsa waya ya fi kowa yawo, sai dai ba a san inda hankalinsa ya je ba.

Baba zai kuma ce, wa zai yi aikin gona? Wannan ma magana ce. Ba wanda ya ce a tafi ranar shuka ko ranar noman farko, ko lokacin da gero ke jiran yanka. Lokacin da ya dace shi ne hutun Disamba, bayan an kai amfani gida, rumbu ya cika, rana ta yi sanyi, ciyawa ta kwanta. Yini guda ne tak cikin hutun makonni.

Inna kuwa tsoronta haɗari ne, kuma ita ce ta fi kowa gaskiya. Dam ba kududdufin bayan gida ba ne. Bakinsa laka ce mai riƙe ƙafa, zurfinsa kuma farat ɗaya yake zuwa, ya sha cin gwanayen iyo. Ban da nutsewa akwai tsargiya. Wasu yara sun ɗauka fitsarin jini alamar girma ce, alhali kuwa cuta ce. Wata 'yar tsutsa ce da ido ba ya gani, tana girma cikin ƙananan dodon-koɗi na ruwan kwance, ta huda fatar mai wanka ta shiga jikinsa, in ba a sha magani ba ta lalata mafitsara. Saboda haka doka ta farko ita ce, an je kallon ruwa ne, ba wanda zai shiga, ba wanda zai hau kwalekwale. Sa'an nan ga halin da ake ciki na tsaro, musamman a ƙauyukan da ke kan iyaka da Jihar Katsina, inda ɓarayin daji suka taɓa jama'a. Duk inda hakimi ko dagaci ya ce kada a bi, ba za a bi ba, ko da an riga an shirya. Amma rigakafi shi ne a koya wa yaro inda haɗari yake tare da babba a gefensa. Yaron da aka kulle bai san kome ba, ran da ya saci jiki ya tafi shi kaɗai, ran nan ne ake kuka.

Sauran magana ita ce ta 'yan'uwanmu mata. Wasu za su ce wannan na maza ne. Sai mu tuna da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda tsofaffin mata da 'yan mata ke tasowa daga ƙauyuka da ƙafa, ƙarƙashin jagorancin wata dattijuwa da ake kira jaji, su zo wurinta ɗaukar karatu su koma su koyar da na gida. In an yi haka a wancan zamani cikin mutunci, me zai hana ɗalibai mata su fita rukuninsu daban, da malamarsu da wata uwa daga cikin gari, su je wuri na kusa su dawo kafin la'asar? Su ne fa za su zama malaman asibiti da na makaranta a waɗannan ƙauyuka.

Ga yadda nake ganin za a tsara abin. A yi rukuni na mutum 8 zuwa 10, da malami ɗaya ko wani babba da iyaye suka amince da shi. Kowa ya kawo izinin mahaifinsa. A aika wa dagacin inda za a je tun kafin ranar. A tashi bayan sallar asuba, an sha koko an ƙoshi. Guzuri ba ya bukatar kuɗi mai yawa: gorar ruwa, da ƙuli-ƙuli ko dafaffen rogo ko ɗan dabino, da malafa, da takalmin da ƙafa ta saba da shi, da littafin rubutu da fensir. Lafiyayyen yaro yana cin kilomita 4 ko 5 cikin awa guda, saboda haka kilomita 12 zuwa 15, zuwa da dawowa, ba za su gagari kowa ba, har da tsayawa tambaya. A raba aiki: wannan ya ƙirga itatuwa, wannan ya zana hanya, wancan ya rubuta sunayen ƙauyuka da asalinsu, wani kuma ya rubuta abin da tsofaffi suka faɗa. In an shiga gari a fara da ƙofar mai unguwa, a durƙusa a yi gaisuwa, domin matambayi ba ya ɓata, amma sai ya iya sallama. Kada a ratsa lambun kowa, kada a tsinki abin da ba a bayar ba, kada a jefi tsuntsu, kada a ɗauki hoton mutum sai da yardarsa, kada kuma a yar da leda, don akuyar wani za ta ci ta mutu. A yi azahar a huta a inuwa, a kamo hanyar gida yadda magariba za ta sami kowa a gaban iyayensa.

Bayan an dawo, kowane rukuni ya rubuta rahotonsa a kawo wa wannan mujalla, taswirar da aka zana kuma a manna ta a bangon aji. In aka yi haka shekara biyar a jere, makarantarmu za ta mallaki labarin wannan yanki wanda babu shi a kowane kantin littattafai: sunan kowane rafi, da faɗin kowane burtali, da yawan ɗorawar da ta rage, da abin da dattawa suka faɗa kafin su koma ga Mahaliccinsu. Na baya kuma su zo su gwada da abin da suka tarar.

A ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, mu cire ƙyuya, mu fara da hutun nan mai zuwa. Ina roƙon malamanmu na labarin ƙasa da tarihi da aikin gona su shige mana gaba. Ina roƙon iyayenmu su ba mu yini ɗaya, in sun ga dama ma su raka mu, don sun fi kowane littafi sanin hanyar. Cikinmu ne za a sami hakimai da dagatai da malaman gona da shugabannin ƙananan hukumomi na gobe, kuma ba yadda mutum zai riƙe amanar ƙasar da bai taɓa takawa ba. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya kiyaye mu a tafiya da zama, ya albarkaci ƙasarmu da iyayenmu, amin.